Kotun Majistare a Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban samu na gyara waya ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shagona sai ya jingina da kanta ya ce, "Darakta, ya Faransa?" Na gaji da cewa ba Faransa na je ba, Nijar na je, kuma kwana biyar na yi har da na hanya. To ga shi na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku bar ni in ci gaba da canza gilashin wayoyin da kuke zama a kansu.

Ga wanda bai san ni ba, shagona yana kan hanyar tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Ina gyaran waya, ina kuma tura wa mutane finafinai. Sunan Darakta ba don girmamawa aka sa mini ba, tsokana ce ta 'yan zaman shago, kuma ni na jawo wa kaina. Shekarun baya wani ya kawo mini kwamfuta gyara, na tarar da finafinan Faransa a cikinta, duk na 'yan sanda da ɓarayi, da fassarar Turanci a ƙasa. Na kalli ɗaya don in gwada ko sauti yana fita. Daga ranar na zama abin da na zama.

Kuna tambayata me na gani a ciki. Na ga ɗan sanda da ya yi kama da ɗan sanda: a gajiye yake, rigarsa ɗaya, matarsa ta tafi, motarsa sai an tura. Na ga ɓarawon da ba ya dariyar mugunta, ba ya tsayawa ya yi wa wanda zai kashe bayanin dalilinsa. Mutum biyu za su zauna a mota minti biyar ba wanda ya ce uffan, amma kai mai kallo ka kasa tashi ko fitsari ya matse ka. Ba rawa, ba waƙa, ba boka, ba gidan sama na aro mai kujerun zinariya. In an harbi mutum faɗuwa yake ya mutu, ba ya kwantawa ya yi wasiyyar rabin awa da tumatirin gwangwani a baki. Kuma mai laifi yakan sha, kamar yadda yake sha a garinmu. Waɗanda aka yi su a talauce ma sun fi shiga raina: ɗaki ɗaya, ƙwan fitila ɗaya, bango mai datti. Na ce ai irin wannan bango muna da shi a Kafanchan, har ya yi mana yawa.

Na dami mutane da wannan wa'azi har wata rana wani ya ce in na isa in yi nawa. Sai na yi. Da waya biyu da fitilar caji, a cikin tsofaffin taragun da ke ruɓewa a bayan tasha. Labarin mai sauƙi ne: wani mai gadi ya tsinci gawar saurayi a tarago, kowa ya ce ba ruwansa, shi kuma ya bi sawu har ya kama wanda ya yi kisan.

Wanda ya fito a matsayin mai gadin shi ne Baba Danjuma. Mutumin Madakiya ne, ya yi gadi a tashar jirgi har ya yi ritaya, kuma na san shi ne don yakan zo in zuba masa waƙoƙin majami'a a waya. Fuskarsa na gani na ce wannan ba sai an yi masa kwalliya ba. A ƙarshen fim, inda ya ritsa mai kisan, kalma uku na rubuta masa: "Kai ne. Zauna." Irin na Faransa ke nan. Ranar ɗauka sai ga Baba da takardu huɗu da ya yago daga littafin makaranta, ya cika su gaba da baya. Ya tsaya a gaban mai kisan ya yi magana minti goma sha tara. Ga shi sunan gawar a fim Bulus ne, amma Baba sai kiran Ishaya yake yi. Na gyara masa sau biyu, bai ko dube ni ba. Na ce tsufa ne, na ƙyale shi, don ba a katse dattijo. Haka fim ɗin mai wa'azin gajarta magana ya tashi awa biyu da minti arba'in.

Yanzu ga yadda Maraɗi ta shigo. Na ga sanarwa a waya cewa wata ƙungiyar malaman makaranta a can za ta yi taron nuna finafinai. Da Faransanci aka rubuta, amma manyan haruffan sama sun ce court métrage. Ni da na yi shekaru ina kallon finafinan Faransa, ai ba zan tsaya tambayar kowa ba. Kalmar farko duk wanda ya shiga aji ya san kotu ce. Ta biyun na juya ta a baki sau biyu, na ji majistare take nufi. Kotun majistare. Wato taron finafinan laifi da shari'a, an shirya shi kamar don ni. Na cika takarda, wajen tsawon fim na rubuta 2.40, na tura. Bayan mako biyu suka ce in zo.

Baba ya ce ƙafarsa ƙafata. Na nuna masa nisa, na nuna masa shekaru, ya ce, "Darakta, magana ɗaya kawai. Wannan magana da na yi a ƙarshe, za su ji shi duka?" Na ce, "Duka, Baba, har tarin da ka yi a tsakiya." Ya ce to shi ke nan, za shi.

Mun tashi ranar Talata da safe. Na shiga mota a tashar Kafanchan, aka ce za mu ɗauki Baba a bakin hanya a Madakiya. Na zaci tsoho ɗaya zan gani da jaka. Zumuntar mata ta majami'arsu na tarar, da anko, da tulun kiɗa, da Fasto a gaba. Baba yana tsakiya cikin kwat baƙa, irin wadda ake sa wa mutum sau biyu a rayuwa. Aka yi addu'a, aka roƙa masa tsari daga haɗarin hanya da na ƙasar waje, aka roƙa wa "wannan yaro mai fim" hikima, addu'ar da daga baya na gane ba a karɓa ba. Direba yana ta danna ham. Matar Baba ta cusa masa leda cike da citta da gyaɗa da kwalbar zuma, ta ce a kai wa mutanen Faransa tsaraba.

Hanyar Zonkwa zuwa Kachia kun san ta, ba sai na ɓata tawada ba. Ramukan da kuka bari suna nan, suna gaishe ku. Mu huɗu ne a kujerar mutum uku, da wata mai buhun doya da ta rantse buhun ɗan'uwanta ne, ba zai shiga but a bayan mota ba. Baba bai damu ba. Kafin mu kai Kachia duk motar ta san ɗan fim ne, kuma ya karanta musu shafin farko na takardunsa. Mai doya ta share hawaye. Ni kuwa ina kallon taga ina tunanin yadda Bafaranshe zai yi dariyar wannan abu. A Kaduna muka canza mota, muka bi Zariya da Funtuwa, muka kwana a Katsina a wani masauki da famfonsa yake tari ba ya kawo ruwa.

Washegari muka nufi boda ta Jibiya. Ɓangarenmu ba wani labari, an duba takardu an buga hatimi. Ɓangarensu ne wani jandarma, dogo siriri mai ladabi, ya ce a buɗe jaka. Ya zura hannu a ta Baba, ya wuce citta, ya wuce zuma, ya zaro bindiga. Ita ce ta fim ɗin, kafinta ya sassaƙa mana ita da katako muka shafe ta da man takalmi. Ban san Baba ya ɗauko ta ba. Ya ce ai in an kira shi gaban jama'a dole ya fito da kayan aikinsa.

Jandarman ya ce, "Mi na wannan, tsoho?"

Baba ya gyara kwat ya ce, "Ɗana, na fim ne. Ni ɗan wasa ne. Wannan shi ne darakta."

Wato in ɗauri ne, ga wanda za a fara da shi. Jandarman ya ce a nuna masa fim ɗin. Na kunna a waya, ya kira abokan aikinsa biyu, suka tsaya a inuwa suna kallo. Bayan kamar minti goma ya ɗago ya ce, "Ina waƙar?" Na ce babu waƙa. Ya ce, "Fim na Najeriya, ba waƙa?" Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi miya ya manta gishiri. Ya miƙo bindigar, sai ya ga tafin hannunsa ya yi baƙi ƙirin. Baba ya ba shi citta ya ce ya yi haƙuri.

Maraɗi gari ne na Hausawa da suka yi rantsuwa sai sun rikita Bahaushe. Kana jin magana kana ganewa, sai a tsakiya a jefo maka kalmar da ba ka taɓa ji ba. Makaranta lakwal ce. Acaɓa kabu-kabu ne. Ni kuma na zama Mushe, wato Malam a Faransancinsu. In ka tambayi lambar waya, da Hausa za a fara gaisuwa, lambar kuma ta zo da Faransanci a guje. Baba da Hausarsa ta kudancin Kaduna, inda mace da namiji duk "ya" ne, shi ya fi ni samun shiga. In ya ce "matata ya ba ni citta" sai su fashe da dariya su ƙara masa shayi.

Shayin ma abin magana ne. A Kafanchan in ka ce shayi, kofi ne da za ka iya wanke fuska a ciki. Can ɗan kofi ne kamar murfin kwalba, sai an yi awa ana ɗaga buta sama ana zubawa ana mayarwa, sannan a miƙo maka kurɓi ɗaya mai ɗacin da zai tuna maka zunubanka. Burodinsu dogo ne, mai tauri, Baba ya ce in ɓarawo ya shigo da shi zai fara kare kansa. Amma kilishinsu da dambun zogale ban ga abin kushewa ba, duk da na nema. Da rana tsaka kuma garin gaba ɗaya rufewa yake, kowa ya je ya kwanta. Mu da muke buɗe shago ko ana ruwan ƙanƙara, sai muka tsaya a titi mu biyu kamar waɗanda aka manta.

An sauke mu a ɗakin baƙi na wata makaranta, gado biyu na ƙarfe da fanka mai juyawa in ta ga dama. Da yamma shugabar taron ta zo gaishe mu. Sunanta Madam Rakiya, malamar makaranta ce, 'yar gajeriya mai tabarau, ba ta ɓata kalma. Baba ya fita wajen mai gadin makarantar, don masu gadi ko'ina suke sai sun gano juna. Na miƙa mata filashin da fim ɗin yake ciki da hannu biyu. Ta sa a kwamfuta, ta dubi ƙasan allon, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Mushe, awa biyu da minti arba'in na gani."

Na ce haka ne.

"Mu minti biyu da sakan arba'in muka karanta a takardarka. Har muka ce wannan ɗan Najeriya ya iya taƙaitawa."

Na yi murmushin masana na ce ai labarin shari'a ba ya yiwuwa a minti biyu, tunda taron na kotun majistare ne. Ta ce wace kotu? Na nuna mata kalmomin a wayata. Ta toshe baki tana danne dariya. Na ga kafaɗunta sun fara rawa. Matar nan ta yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma sai da ta fita waje ta dafa bango.

Da ta dawo ta ce, "Court, gajere na. Gajeren fim. Ba ya wuce minti goma sha biyar. Ba kotu, ba alƙali."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekaru ina tsaye a shago ina koya wa mutane Faransa, ashe kalmar "gajere" ma ban sani ba. Ta ce ba za ta kore mu ba bayan wannan doguwar hanya. Gobe da la'asar ne namu. In na yarda, da safe mu zauna a yanke fim ɗin ya dawo minti goma sha biyar. Na ce na yarda. Na roƙe ta kada ta gaya wa Baba, ni zan gaya masa da kaina.

Ban gaya masa ba. Da safe na ce masa za mu je duba na'ura, ya ce Ubangiji ya taimaka, ya koma wajen abokinsa mai gadi da takardunsa a aljihu.

A wani aji muka zauna, ni da Madam Rakiya, muna yanka. Kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Duk abin da na daɗe ina faɗa sai ga shi a gabana. Muka cire gaishe-gaishe, muka cire inda ake tafiya daga nan zuwa can, muka cire ƙanin matata da na sa a fim don a zauna lafiya a gida. Duk abin da aka cire, fim ɗin sai ya ƙara kyau. Akwai wurin da mai kisan yake gudu a kan layin dogo, minti shida, ni na bi shi da waya a guje har na fasa gwiwa. Ta ce a rage. Na ce a'a, wannan shi ne zuciyar fim ɗin.

Sai muka iso maganar Baba. Ta bar ta tana tafiya. Minti ɗaya, biyu, uku, ba ta taɓa komai ba, ta tallafe haɓa tana saurare. Ni na miƙa hannu na tsayar.

Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Wa'azi ne. Tsoho ne ya ƙi yin shiru. Ko sunan gawar bai riƙe ba. A fim na ainihi ba a bayani, Madam, ke ma kin sani."

Ta ce, "Ka tabbata, Mushe?"

Na ce na tabbata. Akwai 'yan daƙiƙu kafin Baba ya fara magana, inda ya tsaya yana kallon mai kisan, leɓensa yana rawa, bai ce komai ba. Na ce a tsaya a nan, allo ya yi baƙi. Ta yi yadda na ce. Minti goma sha huɗu da rabi. Na kalla daga farko, na ce a raina yau na zama Bafaranshe.

Da la'asar aka taru a babban ɗakin makarantar, an toshe tagogi da barguna. Kafin namu an nuna wani fim na akuya da ta tsaya a bakin rijiya minti takwas tana kallon ciki. Aka tafa sosai. Wani ya ce akuyar ita ce Afirka. Baba ya raɗa mini cewa shi dai ƙishi ya ga tana ji. Yana zaune kusa da ni cikin kwat ɗinsa, ya ɗora takardun a gwiwa don ya bi maganarsa layi-layi.

Aka sa namu. Ɗakin ya yi tsit. Ba wanda ya taɓa waya, ba wanda ya fita. Na ga Baba ya ɗan yi mamaki da abubuwa suke ta sauri. Da aka zo inda ya ritsa mai kisan, ya gyara zama, ya buɗe shafin farko, ya sa yatsa a kan layin farko. Fuskarsa ta cika allo, leɓen yana rawa. Allo ya yi baƙi.

Tafi ya tashi, har da masu miƙewa. Wani mutum da ya naɗe wuya da gyale a wannan zafi ya yi dogon jawabi da Faransanci, Madam Rakiya tana fassarawa: wai shirun tsohon nan shi ne fim ɗin gaba ɗaya, wai ba a saba ganin ɗan Najeriya ya san inda ake tsayawa ba. Kaina ya kumbura har na ji hular ta matse ni. Aka kira Baba gaba. Ya naɗe takardunsa ya sa a aljihu, ya fita, ya rusuna, ya ce, "Na gode." Bindigar katakon tana cikin jaka, bai fito da ita ba. Aka ba mu takardar yabo mai hatimi, ita ce wadda kuke gani a bangon shago.

Daga Maraɗi zuwa Katsina Baba bai yi magana ba. Daga Katsina zuwa Kaduna ma haka, sai dai in na miƙa masa ruwa ya ce ya gode. Ni kuma, don ƙarfin hali, har na ce a raina ai shirun nan ma irin na Faransa ne. A Kachia tayarmu ta yi faci, kowa ya sauka. Muka zauna a benci kusa da wata mai gasa masara. Na ga in ban yi magana a nan ba, sai Madakiya.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Dokarsu ce, minti goma sha biyar. Ni na yi kuskuren karatu."

Ya ce, "Na sani. Matar nan ya gaya mani bayan an tashi." Ya ɗan murza masarar da ke hannunsa. "Ka san Ishaya?"

Ku ji abin da na ce, don ku san irin wanda kuke kira Darakta. Na ce, "Ai Bulus ne sunan, Baba."

Ya ce, "Bulus naka ne. Ishaya nawa ne."

Ɗansa ne na fari. Shekarun baya, lokacin da gari ya rikice, ya fita da safe bai dawo ba. Bayan kwana uku aka same shi kusa da layin dogo, ba nisa da inda uban yake gadi. Ba wanda aka kama, ba wanda aka kai kotu. Ranar jana'iza an ce Baba ya yi magana, ya tashi ya kasa, ya koma ya zauna.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

Ya ce, "Kai Musulmi ne, ni Kirista. In na gaya maka za ka fara ba ni haƙuri kamar kai ka yi. Ba na so. Ni ban san wanda ya yi ba, har gobe. Sai kai ka zo ka tsayar da mutum a gabana, ka ce ga wanda ya kashe yaro a tarago. Na ce to, bari in gaya masa. A gida ba zan iya ba, kowa ya san ni, uwarsa kuma yana nan. Na ce a ƙasar da ba a san mu ba, a ji shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, ta fi ta kotun majistare nesa ba kusa ba. Sau nawa na kalli wannan wuri ina haɗa fim, ban taɓa saurare ba. Ina jin murya ne kawai ina duba agogo. Malamar da ba ta san shi ba ta ji a minti uku, ni na sa hannu na tsayar.

Ya ce, "Sun tafa wa shiruna. Ai shirun na daɗe ina yi, ba wanda ya tafa." Ba da faɗa ya faɗa ba, har ya ɗan yi dariya. Sai ya juyo ya dube ni. "Maganata minti nawa ne?"

Na ce goma sha tara.

"Su nawa suke so?"

Na ce goma sha biyar.

Ya ce, "To da ka cire huɗu."

Mai faci ya gama, direba ya kira mu. A Madakiya matan zumunta suna bakin hanya suna jira, don ya yi musu waya daga Kaduna. Suka tambaye shi yaya, ya ɗaga takardar yabo ya ce an tafa har da miƙewa, kuma wannan yaro ya yi ƙoƙari. Suka yi guɗa. Ya miƙo mini takardar ta taga ya ce in kai shago, can ta fi amfani.

Masu tambaya ko har yanzu ina kan bakana game da finafinan Faransa, ina nan. Sun fi naku, kuma gajeren da muka yanka a Maraɗi ya fi dogon kyau, wannan ko Baba bai musa ba. Yana zuwa shago kamar da, ina zuba masa waƙoƙinsa, yana kirana Darakta. Bai sake tada maganar ba.

Ni ne na ware minti goma sha taran nan daban a kwamfuta. Na zauna da su sau uku, da niyyar in mayar da su goma sha biyar in aika wa Madam Rakiya. Har yau ban samo huɗun da zan cire ba.